Shirun Kuluwa

Yaran gidan nan sun ce kunnena ne ya yi nauyi, shi ya sa nake cewa gari ya yi shiru. Na bar su da zancensu. Ina jin injin niƙa sarai, ina jin baburan da ke wucewa kasuwar Kore Mairuwa, ina jin wayoyinsu da ba sa hutawa. Abin da ba na ji shi ne taɓarya. A da, tun gari bai gama wayewa ba turmi ke tashe mu, gidan nan ya amsa wa gidan can, har mutum ya iya faɗin wadda ke daka ba tare da ya leƙa ba. Akwai mai saukar da taɓarya kamar tana fushi da hatsin, akwai mai bi a hankali, akwai kuma masu lugude da ke jefa ta sama su yi tafi kafin ta dawo. Daga nan sai bakin rijiya, igiya na kuka a kan itacen da ta riga ta sassaƙe, guga na faɗawa ruwa, mata na gaisawa da ƙarfi kamar sun shekara ba su haɗu ba, alhali jiya tare suka watse. Yanzu an kai hatsi inji a roba, an murɗa famfo, kowa ya koma ɗakinsa. Ba na cewa a mayar da mu cikin wahala, kafaɗuna sun san abin da suka gani. Kewa ce kawai, kuma tsohuwa tana da izinin kewa.

Abin da ya tono mini wannan tunani kwanan nan shi ne Ramatu, jikar yayata, wadda ke aure a bayan gidanmu. Ta daɗe tana jiran ciki, shekaru tana kallon tsararrakinta suna goyo, sai bana Allah ya dube ta. Ta je awo gidan likita, aka ce za a yi mata allurar rigakafin da ake yi wa masu ciki, sai ta tattara zanenta ta ce za ta dawo, ba ta kuwa koma ba. Wata maƙwabciyarta ta yi ɓari bayan an yi mata, ga kuma muryoyin da ake turowa a waya ana cewa allurar tana kashe mahaifa. Tsoro ya kama yarinya, ni kuwa ban ga laifinta ba. Amma tun ranar da na ji ta ƙi, hura ta daina yi mini daɗi, domin na san abin da allurar nan take tarewa. Na gan shi da idona a jikin kakarta.

Kuluwa ce sunan yayata, ita nake bi. Ban taɓa ganin mutum mai surutu irinta ba, kuma na yi shekarun da zan iya rantsuwa a kan haka. Tana hira da awaki in za ta ba su dusa, tana faɗa da jaki, tana gaida wanda ke can ƙarshen gona alhali bai ma gan ta ba. A dandali ita ke ba da waƙar gaɗa mu amsa, kuma duk saurayin da ya kuskura ya wuce da wando a yage, to ya shiga waƙa ke nan har damina ta fita. Uwarmu, da muke kira Iya, takan kama kai ta ce wannan yarinya ko a cikin rumbu aka rufe ta sai ta sami ɓeran da za ta ba labari. Ita ta zaɓi mijinta da kanta, wani dogo mai sanyin hali wanda sai ka yi da gaske kake jin muryarsa, mutane suka ce an dace, ita za ta yi maganar mutum biyu. Ni kuwa a inuwarta na girma. Ita ta koya mini ɗaukar tulu ba ganwo, ita ta kitsa mini kaina na farko da ya yi kyau, ita ce kuma ke rama mini in an taɓa ni.

A zamaninmu da kunya da dauriya ake auna mace. Tun kina ƙarama ake koya miki cije haƙori: in ƙaya ta soke ki, ki cije, in ana yi miki tsaga, ki cije, ranar naƙuda kuwa nan ce babbar jarrabawa. Mata suna nan bayan zana sun kasa kunne, wadda ta yi ihu za a tuna mata har ta yi jika. Bayan haihuwa sai kunyar ɗan fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa, ba ki dubansa a gaban mutane, in an ce yaya jariri sai ki sunkuyar da kai kamar ba da ke ake ba. Mai jego ta fari ba ta hira, ba ta dariya, ba ta cin abinci a gaban baƙi. Yaran yanzu kuwa cibiya ba ta faɗi ba sun ɗauki hoton jariri sun tura har Kwatano, uwa na kiransa da sunaye iri-iri a gaban surukarta ko a jikinta. Ina yi musu tsiya a kan haka kullum, amma in zan faɗi gaskiya, tsiyar a baki kawai take.

Allura kuwa abu ɗaya muka sani game da ita, masu lamba. Sukan zo da rani a babbar mota saboda agana, ciwon nan mai ɓata fuska. Da mun ji ƙugin motar sai mu 'yan mata mu zuba a guje bayan dutse mu ɓuya cikin sabara, sai mai gari ya aiko a tattaro mu kamar tumaki. A jera mu, a karce mana damtse, mu koma gida muna kuka muna gwada wa juna. Tambarin yana nan a hannuna har yau, ya tsufa tare da ni. Daga baya ne na lura ban sake ganin yaro da sabon zanen agana a fuska ba, amma a lokacin babu wanda ya haɗa mana wannan da wancan. Ba mu taɓa jin akwai allurar da ake yi wa mace don haihuwa ba. Gidan likita yana can Dogon Dutsi, tafiya ce ta wuni a kan jaki, kuma ba a kai mai ciki sai in an fid da rai.

Bayan an gama yankan hatsi aka kawo Kuluwa gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Kowa ya sami abin tsokana. Gwaggonmu, ƙanwar babanmu, ta ce ranar naƙudar Kuluwa sai an toshe kunne har Tibiri. Kuluwa ta yi dariya ta buga cinya ta ce, "Ku dai jira. Ba ku jin ko tarina." Ta kuwa cika alkawari. Naƙuda ta yi tsawo, tana durƙushe a kan yashin da aka zuba a ɗakin Iya, ɗakin da muke ɗaure 'yan awaki in ruwa ya yi yawa, gumi na zuba, amma ko uhum ba ta ce ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ungozoma ta ce gishiri ne ya tare hanya, sai an yanka. Tsohuwa ce mai kirki, ita ta karɓe mu duka, hannunta ya san aikin. Ta miƙa hannu ta zaro askarta daga cikin jinkar ɗaki inda take soke ta, ta shafa a gefen zanenta, ta yi bismilla ta yi abin da ta gada. Can sai ga 'ya mace ta faɗo. Aka rangaɗa guɗa. Iya ta fito tana tafiya kamar an naɗa ta sarauta, tana faɗa wa duk wadda ta shigo cewa 'yarta ba ta yi ko tari ba.

Ni aka ɗora wa hidimar jego, domin na riga na zama budurwa, ana ma zancen aurena. Ni ke faskare, ni ke ɗora babbar tukunya safe da yamma, ni ke yanko ganyen da ake tsoma wa a tafasasshen ruwa a fyaɗa mata a jiki, ni ke dama kunun kanwa da yaji har sai ya sa hawaye. Har yau in na ji ƙanshin ɗanyen ganye a ruwan zafi sai in ga ɗakin nan. Kuluwa ta riƙe kunyarta yadda ake so. In an sa mata jaririya a nono sai ta juya fuska bango. Amma da baƙi sun fita, ya rage daga ni sai ita, sai ta jawo ni ta hau raɗa, tana kwaikwayon tafiyar wance da yadda wance ta leƙa ƙwaryar barka, ni ina toshe baki kada Iya ta ji. Haka muka yi kwanakin farko. Sai da suna ya matso na ga raɗar tana raguwa, ta fara barin kunu a ƙwarya. Wata safiya ina shafa mata mai a baya ta ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Bakina ya yi nauyi. Kamar an ɗamre min muƙamuƙi." Na tashi na sami Iya a madafa na faɗa mata. Iya ta ce, "Sanyi na ka son shigarta. Ƙara itace, ruwan ya tahasa ƙwarai." Na ƙara itace.

Ranar suna gida ya cika. An yanka rago, an yi wa Kuluwa kitso da lalle, an zaunar da ita a ƙuryar ɗaki cikin sabon zane. Mata na shigowa barka, kowacce sai ta gwada sa ta magana, domin sun san halinta. Ba ta ce da kowa uffan ba. Leɓunanta sun ja baya, haƙoranta a haɗe suna waje, girarta a ɗage, wanda duk ya gani zai ce murmushi take. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Ku dubo min ja'irag ga! Dariya taka ɓoyo. Wa yac ce Kuluwa ba ta da kumya?" Ɗaki ya ɗauki shewa. Aka kawo mata nama mai yaji, ta dube shi ba ta taɓa ba, wata tsohuwa ta ce, "Kumya ta. Ku ƙyale ta, in mun watse ta ci." Dangin mijinta suka koma garinsu suna yabon tarbiyyar gidanmu. Na tuna yadda fuskar Iya ke haske ranar. 'Yarta mai surutun da aka sha yi mata gori a kanta, ga shi yau ta fi kowa kawaici. Wannan yabo shi ne abin da ya fi ci mini rai har yanzu, domin babu wadda ta yi shi da mugun nufi.

Da baƙi suka watse ba ta ci ba. Washegari ko bakin ludayi ya ƙi shiga tsakanin haƙoranta, wuyanta ya sandare, in an ɗiga mata ruwa sai ta sarƙe. Sannan abin ya fara fizgarta. Da an saki taɓarya a maƙwabta, ko jaki ya yi kuka, ko an ɗaga asabari haske ya shigo, sai jikinta ya ɗauki rawa, bayanta ya lanƙwashe ya bar tabarma, daga ƙeya sai diddige ke taɓa ƙasa. Nan fa zancen kunya ya ƙare, aka ce Doguwa ce, iskar nan da ake cewa tana shanye jikin mutum. Malamin unguwa ya aiko da rubutu, ya bi gefen bakinta ya zube. Sai aka kira masu goge, domin a ƙasarmu a lokacin ba abin ɓoyo ba ne, kowace iska tana da kiɗanta, in an taɓa nata takan bayyana ta faɗi abin da take so a ba ta. Suka zauna a tsakar gida da hantsi, mai goge ya ja, mata suka hau kiɗan ƙwarya. Da sautin ya shiga ɗaki Kuluwa ta lanƙwashe irin wanda ba ta taɓa yi ba. Aka ce, "Ta amsa! Ita ta!" Aka ƙara wa kiɗa ƙarfi. Duk lokacin da ta fizge sai murna ta ƙaru a waje, an gano mai ita, saura a ji buƙatarta. Babanmu ya ba da baƙar akuya ba tare da ya yi ciniki ba. Ni ina riƙe da hannunta, kuma abin da ba zan manta ba shi ne idanunta. Hankalinta bai tafi ko'ina ba. Tana jin komai, ta san kowa, tana dubana kamar mai son in faɗa musu wani abu, ni kuwa ban san ko mene ne ba. Ba ta daɗe bayan nan ba. Da la'asar Kuluwa ta cika, ana shirin sake zaman kiɗa.

Matar kawunmu da ke goyo ita ta shayar da jaririyar, mu muka raine ta, ita ce ta girma ta haifi Ramatu, yanzu ita uwar Ramatun tana aure can wajen Gaya. Ungozoma ta yi kuka kamar ita ta haifi Kuluwa, ta ci gaba da karɓar haihuwa da askarta, domin babu wanda ya ga alaƙar aska da iska. A gidanmu aka ce iska ta ɗauke ta, aka rufe zancen. Iya ba ta sake yabon shirun kowa ba. Ranar tawa naƙudar ta fari, ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "In kina son kuka ki yi abinki. In ji muryarki dai." Na kuwa yi, har gwaggo ta ce na kunyata dangi, Iya ta ce ita ba ta ji komai ba.

Shekaru sun ja kafin in san sunan abin. An gina gidan likita kusa da mu, ina da wani cikin, aka tara mu masu ciki a kan tabarmi a gindin gawo. Sajfam, wato ungozomar likita, ta tsaya tana yi mana bayanin wani ciwo da ta kira tetanos, ta ce wasu na ce masa tsinkau-tsinkau. Ta ce ƙwayarsa tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta rauni, musamman raunin haihuwa da cibiyar jariri in an yanka da abin da ba shi da tsabta. Ni ina can baya ina tsinke zaren zanena, rabin hankalina yana kan tuwon da ban tuƙa ba. Sai na ji ta ce da muƙamuƙi yake farawa, mutum ya kasa buɗe baki, fuskarsa ta yi kamar mai murmushi. Na ɗago kai. Ta ce sai wuya ya sandare, baya ya lanƙwashe, amma hankali na nan daram. Ta ce irin wannan majinyaci ɗaki mai duhu da shiru ake sa shi, domin ƙara ko haske shi ke tayar masa da fizga. Wallahi sai na ji gogen nan a kunnena kamar a lokacin ake jan sa. Na gode wa Allah da Iya ta riga ta rasu ba ta ji wannan ba. Sajfam ba ta gama magana ba na miƙe na tsallake ƙafafun mata na miƙa mata damtse, har aka yi mini dariya. Na tambaye ta, da a ce an yi wa yayata wannan allura tun tana da ciki, da ta rayu? Ta ce rai na Allah ne, amma don irin wannan aka yi ta, tana kare uwa, tana kuma kare jaririn da ke ciki har bayan an haife shi.

Duk wannan Ramatu ba ta sani ba. A da ba a zancen saboda tsoron iska, yanzu kuma yara sun yi karatun addini sun ce bori ba shi da kyau, sai aka daina zancen saboda kunya. Ita dai ta san kakarta ta rasu a jego. Sai na ɗauki sandata na same ta da hantsi tana ɓarar gyaɗa a inuwa, na zauna na jawo tire gabana kamar taya ta na zo yi. Ta ce, "Kaka, in zancen pikir na, allurag ga, kinka zo da shi, na gaji da shi." Na ce ni zancen yayata na zo yi, in ba ta son ji ta toshe kunne. Na ba ta labarin tun daga aska har goge, ban rage komai ba. Hannunta ya tsaya a kan gyaɗa. Da na gama sai ta ce, "To ita wadda tay yi ɓari hwa?" Na ce, "Allah shi mayar mata da alheri. Amma ɗiyata, ɓari ya girmi allura. Na ga mata sun yi shi tun ba mu san likita ba." Ta ce, hawaye na zubo mata, "Kaka, kin san daɗewad da niy yi ina jira. Ba ni son abin da za shi taɓa min shi." Na ce ni ma ba na so, shi ya sa na taso da ciwon gwiwata.

Ta ce ai ko ta yarda sai mijinta ya sani. Lawali sunansa, ɗan kasuwa ne, ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, can Kwatano. Yaro ne mai kirki, ga gemu ga ɗan guntun wando, ba ya dawowa bai riƙo mini sukari ba, ni kuma ba na barinsa ya huta da tsokana. Ta kira shi ta sa wayar a kunnena. Na fara ba shi labarin a taƙaice, da na kai kan Doguwa sai ya katse ni ya ce, "Kaka, ki yi haƙuri, zancen iskokin ga shirka na." Na ce, "Madalla, angona, yau mun yi baki ɗaya. Ni ma ban ce iska ta ba. Ƙasa ta, da aska. To in ka hana a kira mai goge, ka kuma hana a tahi likita, mi kab bar ma matarka?" Ina jin ƙahon motoci a bayansa. Ya ce shi dai ya ji an ce allurar tana hana haihuwa. Na ce ya ƙirga 'ya'yan da na haifa bayan an yi mini ita, ai ya san su, wasunsu ma suna cin bashin shagonsa. Ya yi dariya, sannan ya ce a ba Ramatu. Na ji yana ce mata ta je ta tambayi sajfam da bakinta ko allurar tana taɓa ciki, in hankalinta ya kwanta da amsar, ya yarda. Na ga ya yi magana irin ta mai hankali, na sa masa albarka.

Ranar kasuwa muka shiga amalanken maƙwabci muka tafi tare. Sajfam ɗin yanzu yarinya ce da na isa in yi jika da ita, amma ba ta yi wa Ramatu tsawa don ta gudu ba. Ta zaunar da ita ta saurari tsoronta har ƙarshe, ta ce allurar ba ta zubar da ciki, ba ta hana wani zuwa, damtse dai zai yi tsami kwana kaɗan. Ta ce sai an sake wata bayan wata guda kafin ta yi ƙarfi sosai, ta kuma roƙe ta in naƙuda ta zo a kawo ta nan. Ramatu ta dube ni, ta naɗe hannun rigarta da kanta. Ni na juya ina kallon wasu 'yan mata da aka jera a waje ana yi musu tasu, suna ture juna suna dariya, babu wadda ta gudu bayan dutse.

A hanyar dawowa rana ta yi sanyi, jakin na tafiya yadda ya ga dama, Ramatu na riƙe da damtsenta. Mun wuce gonakin wake ke nan sai ta ce, "Kaka, ta ga Mamata kuwa? Ina nuhin, ta dube ta sosai?" Tunda nake babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, har ita uwar tata. Na faɗa mata gaskiya. Lokacin da Kuluwa ke iya juya wuya, kunya ta hana ta. Ta ce da ni a raɗa in bari a gama suna jama'a su watse, za ta zauna ta ƙare mata kallo, ta ga ko hancin ubanta ta ɗauko. Da jama'a suka watse wuya ya riga ya ƙi. Ranar ƙarshe na ga tana juya ƙwayar ido wajen da jaririyar take kwance, sai na ɗauko ta na ɗaga a saitin fuskarta. Idanunta suka cika da hawaye, ba ta da hannun sharewa, kafin in share mata jaririyar ta tsala kuka, fizga ta taso, Iya ta ce in fita da ita. Har yau ban sani ba ko ta ga fuskar, ko ruwan idonta kawai ta gani.

Can muka hango rumbunan garinmu. Ramatu ta sauke hannu daga damtse ta ɗora a kan cikinta, ta ce, "Ranar randebu, ranar komawa allura ta biyu, ki zo ki tashe ni, ko da sandag ga taki. Kuma ni tun ranar hwarko za ni duban nawa. Su ce abin da za su ce."

Na ce, "Dube shi, ɗiyata. Dube shi har ki ƙoshi."